Daga Samaru Zuwa Sabon Gari: Yadda Fannonin Ilmi Ke Haɗuwa a Gona Guda

Duk wanda ya hau motar haya daga Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila har ya sauka a bakin kasuwar Sabon Gari, ya san tafiyar ba ta da nisa. A can inda ya taso akwai Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, inda ake fitar da sababbin iri, ake gwajin ƙasa, ake kuma nazarin ƙwari da cututtukan shuka. A nan inda ya sauka kuwa akwai tashar jirgin ƙasa da rumfunan hatsi, inda tiya da buhu ke yanke hukunci a kan duk abin da gona ta bayar. Sai dai duk da kusancin wuraren nan biyu, akwai sakamakon bincike da dama da ya tashi daga Samaru cike da alkawari, amma bai taɓa isa Sabon Gari ba. A hanya ya maƙale, wato a gonar manomi.

A wannan darasi za mu duba dalilin haka, da kuma yadda masanan Samaru suka gano cewa matsalar gona ba ta zuwa a rarrabe kamar yadda aka rarraba sassan jami'a. A makaranta ɗalibi yakan gama darasin nazarin halittu, ya shiga na lissafi, sa'an nan wani malami dabam ya shigo da tattalin arziki, kowane da littafinsa da lokacinsa. Manomi kuwa, a safiya guda ta watan Yuni, sai ya amsa tambayoyin fannonin nan duka kafin ya saɓa fartanya.

Jirgin da aka kawo domin auduga

A farkon ƙarni na 20 masaƙun Ingila sun dogara ƙwarai da audugar Amurka, suna kuwa neman wata madogara. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga mai suna BCGA a birnin Manchesta, ita kuma ta ƙyalla ido a kan Arewacin Nijeriya, inda aka daɗe ana kaɗi da saƙa da rini. Wannan buri yana cikin manyan dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. A daidai wannan zamani aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, kuma a gefen tashar jirgin ne Sabon Gari ya tsiro, da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban.

Injiniyoyi sun yi aikinsu ba laifi, dogo ya shimfiɗu, injin ya tashi. Amma da jirgin ya soma ɗaukar kaya daga Kano a 1912, abin da ya cika taragai gyaɗa ce. Manoma sun yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa. Gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi idan aka auna da wahalar da take ci, ana iya shuka ta tsakanin hatsi, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Auduga ba ta shiga tukunya. Daga baya auduga ta sami gindin zama a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, amma ba yadda aka tsara a Manchesta ba. An auna ƙasa, an auna nisa, an auna nauyin ƙarfe. Abin da ba a auna ba shi ne tunanin wanda zai yi noman.

Umarnin da aka ƙi bi

Tun a 1922 aka fara aikin binciken noma a Samaru, a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta Lardunan Arewa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoba 1962, sai aka mayar da tashar ƙarƙashinta. A tsawon waɗannan shekaru kusan duk gwajin da ake yi a gonakin tashar iri guda ne: amfani ɗaya zalla a fili ɗaya, a jere, da tazarar da aka ƙayyade, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. A kan haka ake gina shawarar da malaman gona ke kai wa ƙauyuka.

Manoma sukan saurara cikin ladabi, su yi godiya, su koma su shuka gero da dawa a gona guda, su tsarma gyaɗa, in damina ta yi nisa su soka wake a tsakani. Shekara da shekaru ana haka. Bayanin da ya fi sauƙi, wanda kuma mutane da yawa suka runguma, shi ne jahilci da riƙon al'ada. Matsalar irin wannan bayani ita ce yana rufe ƙofar bincike, domin wanda ka yanke wa hukuncin jahilci ba za ka tsaya tambayarsa dalili ba.

A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe wani ƙaramin sashe a Samaru domin nazarin tattalin arzikin karkara, da tallafin Gidauniyar Ford. Wani matashin masanin tattalin arzikin noma, mutumin Ingila, David Norman, wanda ya zo a 1965, shi ya jagorance shi, kuma cikin ma'aikatansa har da masana labarin ƙasa da na zamantakewa. Sun zaɓi ƙauyuka uku na Lardin Zazzau bisa ga nisansu da kasuwa: Hanwa, wadda ke dab da gari (yau gari ya haɗiye ta, duk mai zuwa Samaru yana wucewa ta gefenta), da Doka a kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi wadda shigarta ke da wuya da damina.

Hanyar binciken ba ta da wani siddabaru, haƙuri kurum take bukata. Daga 1966 zuwa 1967 malaman ƙidaya suka zauna a ƙauyukan, suna ziyartar gidajen da aka zaɓa sau biyu a mako har shekara ta zagayo. Wa ya je gona jiya? Wace gona? Wane aiki ya yi, na awa nawa? An ɗauki ɗan ƙwadago? Me aka saya, me aka sayar? Aka auna faɗin gonaki, aka auna abin da aka girbe. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba a jira kaka ba a yi tambayar sau ɗaya? Amsar ita ce, mutum yakan tuna damin da ya samu, amma ba wanda zai iya tuna awa nawa ya yi yana noma a mako na uku na watan Yuni. A cikin waɗannan awoyi kuwa sirrin yake.

Ga abin da ƙididdigar ta nuna. Fiye da kashi uku cikin huɗu na filin da ake nomawa shukar haɗi ce, kuma haɗin gero da dawa shi ya fi yawa. Kowane amfani, in aka ɗauke shi shi kaɗai, yakan ba da ƙasa da abin da zai bayar in an shuka shi zalla. Amma in aka tara darajar duka, eka guda ta haɗi ta fi eka guda ta zalla kawo kuɗi, kuma samunta bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Abu mafi muhimmanci shi ne rabon aiki a cikin shekara. Da rani hannuwa sun yi yawa, har samari na tafiya cin rani. Amma a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai da huɗa, aiki ya fi ƙarfin gida, kuma kowa a ƙauyen yana neman ɗan ƙwadago a mako guda. A wannan lokaci na matsi, manomin da ya nome kunya guda ta haɗi ya nome wa amfani biyu ko uku ke nan a sunkuyo ɗaya.

A nan ya kamata ɗaliban kimiyya su tuna wata ƙa'ida da Bajamushen nan masanin sinadarai, Justus von Liebig, ya yayata a ƙarni na 19: girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, komai yawan sauran. Misalinsa kamar tulu ne mai huda-huda a gefe; ko ka kwana kana zuba ruwa, ba zai wuce hudar da ta fi ƙasa ba. Masanin ƙasa yana neman wannan huda a cikin naitirojin da fosfaras. Abin da Norman da abokan aikinsa suka nuna shi ne, a gidaje da yawa na ƙasar Zazzau hudar da ta fi ƙasa ita ce hannun da zai riƙe fartanya a watan Yuni. Tashar bincike tana auna nasara da buhu nawa a eka, domin ita tana da leburori na albashi. Manomi yana auna ta da abin da yinin aiki guda zai kawo masa a lokacin matsi. Kowannensu lissafinsa daidai ne. Tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta.

Masana zamantakewa su ma sun kawo nasu. Shawarar malamin gona tana magana da "manomi" kamar mutum guda ne mai cin gashin kansa, alhali a gidan gandu mai gida ne ke tsara aikin babbar gona, 'ya'ya da ƙanne kuma ba su juyawa ga gayaunarsu sai sun tashi daga aikin gandu. Saurayin da ya fi kowa son gwada sabon abu, sau da yawa shi ne wanda ba shi da iko da safiyarsa.

Abin da masana shuka suka tarar

Ƙididdigar ƙauye ta nuna cewa haɗi yana da riba, amma ba ta faɗi yadda shukoki biyu ke zama a wuri ɗaya ba tare da sun kashe juna ba. Wannan aikin masana shuka ne, kuma abin yabo ne cewa wasu daga cikinsu sun yarda su shigo da "kuskuren" manoma cikin gonar gwaji. D. J. Andrews, mai aikin kyautata irin dawa a Samaru, ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1972, inda ya nuna cewa haɗa dawa da wasu amfanin, musamman gero, ya ba da darajar da ta ɗara ta dawa zalla da kusan kashi 80 cikin 100. Bayansa E. F. I. Baker ya ci gaba da irin wannan gwaji a shekarun 1970.

Dalilin yana cikin kalandar damina. Samaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Wannan damina ta fi ƙarfin bukatar amfani guda, amma ba ta isa a yi shuka biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Gero mai sauri ne: ana shuka shi da ruwan fari, ya yi tsawo da wuri, a girbe shi a Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Dawa kuwa a farkon rayuwarta jinkiri gare ta, ba ta cika amfani da haske da filin da ke kewaye da ita ba. Da an cire gero sai ta miƙe, ta mallaki gonar har Nuwamba. Wato ba rububi suke yi ba. Karɓa-karɓa suke yi.

Akwai wani abin mamaki game da dawar gargajiya irin su farafara. Ba yawan kwanakin da ta yi a ƙasa ke sa ta fidda kai ba, tsawon yini take bi. A Zariya yini mafi tsawo, a watan Yuni, yana kai kimanin awa 12 da minti 45, mafi gajarta kuma a Disamba kimanin awa 11 da rabi. Bambancin kaɗan ne, mutum ma bai cika lura da shi ba, amma dawa tana jinsa. Binciken D. L. Curtis a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki a Arewa tana fidda kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ke ɗaukewa. Da ta riga, da ƙwayar ta nuna cikin ruwa ta yi fumfuna. Da ta makara, da ƙasa ta bushe kafin ta cika. Kakanninmu ba su da agogo ko ma'aunin ruwan sama, amma zaɓen zangarniyar iri da suka riƙa yi kowace kaka ya daidaita shukar da sararin samaniyar garinsu.

Wake da gyaɗa kuma nasu aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Wanda ya tumɓuke wake ya duba saiwarsa zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna kama naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka. Saboda haka ba su cika takara da hatsi a kan wannan sinadari ba, kuma abin da suka bari a ƙasa yana amfanar shukar baɗi. Ga kuma harawa, wadda da rani ita ma kuɗi ce. Mai kyautata iri da ya zaɓi waken da ya fi 'ya'ya ya manta da harawa, ko ya gajarta dawa ya manta cewa kara shi ne danga da makamashi da abincin dabbobi, zai fitar da irin da ya ci jarrabawa a tasha ya faɗi a ƙauye.

Masana suna da hanyar auna ribar haɗi, wadda ɗalibin aji huɗu zai iya yi. Ga misali da lambobin da muka ɗauka domin koyo kawai. A ce hekta guda ta gero zalla tana ba da buhu 10, ta dawa zalla kuma buhu 12. A ce da aka haɗa su a hekta guda an sami gero buhu 7 da dawa buhu 9. Sai a raba abin da kowanne ya bayar a haɗe da abin da yake bayarwa zalla: 7 ÷ 10 = 0.70, sa'an nan 9 ÷ 12 = 0.75. In aka tara, 1.45 ke nan. Ma'anarsa, sai manomi ya nome hekta 1.45 ta zalla kafin ya sami abin da hekta ɗaya ta haɗi ta ba shi. Duk lokacin da jimlar ta wuce 1, haɗi ya yi riba ta fuskar fili. In ta gaza 1, shukokin sun cuci juna.

Audugar Yuni da audugar Yuli

Babu inda wannan darasi ya fito sarari kamar a auduga. Gwaje-gwajen Samaru sun tabbatar, ba tare da wata tababa ba, cewa audugar da aka shuka a tsakiyar Yuni, aka sa mata taki, aka yi mata feshi, ta fi wadda aka shuka a Yuli nesa ba kusa ba. Manoma kuwa sai Yuli suke shukawa, bayan sun ga hatsinsu ya tsaya da ƙafarsa.

A farkon shekarun 1970 masana tattalin arziki da masana ƙwari na Samaru suka haɗu suka bi manoman Daudawa, kusa da Funtuwa, domin su ga abin da ke faruwa in manomi ya bi shawarar a gonarsa da hannunsa. Amfanin ya ƙaru, gaskiya ne. Amma shukar Yuni tana neman noma a daidai makonnin da gero da dawa ke nema, wato an ce wa mai gida ya bar abincin iyalinsa cikin ciyawa domin amfanin da ba za a biya shi kuɗinsa ba sai bayan kaka, a farashin da hukumar ciniki ta yanke. Ga kuma wahalar feshi. Injin goyo yana cin ruwa kimanin lita 200 a hekta a kowane feshi, wato jarka goma masu lita 20, kuma feshin ba sau ɗaya ba ne. Wanda ya rubuta shawarar yana da famfo a bakin gonar gwaji. Wanda zai bi ta, a ka zai ɗauko ruwan daga rafi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi. Maimakon a ƙara wa malaman gona ƙaimi su je su ƙara wa'azi, sai aka sauya tambayar: tun da a Yuli manomi zai shuka, wace shawara ce ta fi dacewa da audugar Yuli? Matsalar ruwa kuma aka kai ta ga fasaha, aka soma gwada wani ƙaramin injin feshi mai aiki da batir, wanda faifansa ke juyawa yana warwatsa maganin kamar hazo, lita biyu ko uku su ishi hekta guda. Matsalar da masanin tattalin arziki ya gano, masanin ƙwari ya auna ta, mai ƙera inji ya warware ta. Irin wannan tsari na fara bincike daga gonar manomi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa a shekarun 1970 da 1980, kuma ana lissafa Samaru cikin wuraren da ya samo asali.

Bayan girbi

Amfani ba ya ƙarewa a bakin gona. A farkon shekarun 1970 Emmy Simmons ta koma ƙauyukan nan uku tana auna abin da ake ci a gidaje, sai ta tarar da wata masana'anta da ƙididdigar hukuma ba ta san da ita ba: matan aure a cikin gida suna sarrafa gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli, gero ya zama fura, wake ya zama ƙosai, yara na kai talla. Henry Hays kuma ya bi buhun hatsi daga rumbu zuwa kasuwar ƙauye har zuwa birni, yana duba abin da kowane hannu ke ɗauka. Su biyun tare da Norman suka tattara aikin cikin littafi guda a 1982.

Wanda ke ganin manomin Arewa ba ya son sabon abu, masara ta ishe shi amsa. A da, 'yan kunyoyi ake yi mata a bayan gida. Da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, iri mai kyau ya zo daga cibiyar IITA ta Ibadan, taki ya samu da rahusa, aka yi hanyoyin karkara, kasuwa kuma tana jira, cikin 'yan shekaru masara ta zama babban amfani a wannan yanki. Auduga kuwa, ko da iri ya inganta, da yawancin masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000 sai nomanta ya ja baya.

Inda dabarar gado ta tsaya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa manomi ya san komai, masani kuwa ɓata lokaci yake yi. Shekarar 1975 ta isa ta kawar da wannan zato. A daminar nan cutar kuturtar gyaɗa ta auka wa kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga farin 1972 da 1973 ba. Ƙwayoyin bairas ke kawo cutar, darɓa ke ɗaukar su daga shuka zuwa shuka, kuma babu zaɓen iri na gargajiya a nan da ya shirya mata. Wannan annoba, tare da fari, da ƙarancin farashin hukumar ciniki, da kuɗin man fetur da suka ja hankalin gwamnati da ƙarfin samari zuwa birane, su suka haɗu suka rushe dalar gyaɗa ta Kano. Wanda ya ce abu guda ne ya rushe ta, fanni guda ya karanta.

Tun a shekarun 1960 bincike ya nuna cewa shuka gyaɗa da wuri, kuma a matse, yana rage cutar. Amma ga mu mun sake komawa ga matsin watan Yuni. Magani mai ɗorewa shi ne iri mai juriya. An sami wannan juriya a gyaɗar gargajiya ta kan iyakar Burkina Faso da Kodebuwa, sai dai mai daɗewa ce kafin ta nuna. Sai da masanan IAR da na cibiyar ICRISAT suka shafe shekaru suna barbara da zaɓe kafin a sami masu juriya kuma masu saurin nuna, irin su SAMNUT 24 da aka fitar a 2011.

Labarin wake ya fi wannan nisa. Tsutsar da ke cin fure da kwanson wake tana iya lashe mafi yawan amfanin gona, kuma an bincika dubban irin wake ba a sami mai isasshiyar juriya ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, aka dasa ta cikin wake a ɗakin gwaji na hukumar CSIRO ta Ostireliya. Daga 2009 aka soma gwada shi a killataccen fili a Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ana barbararsa da irin da manoma suka sani. Sai da aka bi ta hannun masana ƙwari, da masu binciken lafiyar abinci, da hukumar da dokar 2015 ta kafa domin sa ido a kan irin wannan fasaha, kafin a fitar da shi a Disamba 2019 da sunan SAMPEA 20-T. Yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Bai hana sauran ƙwari ba, bai kuma hana ƙwaron da ke huda wake a ajiya ba. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar gado, wasu saboda lafiya da muhalli, wasu saboda tambayar wa zai mallaki iri. Tambaya ta biyun nan ba a amsa ta da madubin ɗakin gwaji. Ta masana shari'a ce da tattalin arziki, da kuma jama'ar da za su ci.

Ga malamai da ɗalibai

A ganina, tsarinmu na raba ɗalibai tun daga aji huɗu, waɗannan 'yan kimiyya, waɗancan 'yan kasuwanci ko adabi, yana da amfaninsa, domin ba a zama gwani sai an zurfafa a abu guda. Andrews bai zama masanin tattalin arziki ba, Norman kuma bai koma kyautata iri ba. Abin da suka iya shi ne karanta lissafin juna. Illar tana zuwa ne in ɗan kimiyya ya tashi yana raina darasin tattalin arziki, ɗan kasuwanci kuma yana gudun duk abin da ke da alamar sinadari, malamansu ma ba su taɓa shirya darasi tare ba.

Ga aiki guda biyu da malamin aikin gona da na lissafi da na tattalin arziki za su iya gudanarwa tare, ba tare da an sayi komai ba sai littafin rubutu da igiyar awo.

Na farko na damina ne. A ware filaye uku masu faɗi ɗaya a gonar makaranta, kowanne mita 10 sau 10. A shuka gero zalla a ɗaya, dawa zalla a na biyu, haɗinsu a na uku. A naɗa ɗalibi guda ga kowane fili ya riƙa rubuta mintin da aka yi ana aiki a cikinsa, da ranar da aka yi. Da kaka a auna ƙwaya, a auna kara dabam, a yi lissafin da muka nuna a sama. Sa'an nan a raba darajar amfanin kowane fili da awoyin da ya ci a Yuni da Yuli kaɗai, a ga ko jerin gwanayen ya sauya.

Na biyu na shekara guda ne. Ɗalibai biyu su riƙa zuwa kasuwar Sabon Gari, wasu biyu kuma kasuwar Samaru, a rana guda kowane mako, su rubuta farashin tiyar gero da dawa da masara da wake. Su tambayi mai hatsi uku, ba ɗaya ba, su ɗauki matsakaici, kuma su tabbata tiyar da ake aunawa da ita girmanta ɗaya ne. A zana farashin a jikin allo wata bayan wata, a sa alama a makon da sabon gero ya shigo kasuwa, da makon da sabuwar dawa ta shigo.